Matar Da Ke Jiran Biza: Hakkinta Da Abin Da Shari'a Ta Ce

 

A wannan mako za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da ta iso mana daga wani dattijo ɗan kasuwa, wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa ko garinsa. Mun ga ya kamata mu amsa masa a fili, domin mun sani ba gidansa kaɗai wannan al'amari ya shiga ba.

Ya ce shekara uku ke nan da ya aurar da 'yarsa ga ɗan wani amininsa, yaro mai hankali wanda ya daɗe a Ingila har ya sami izinin zama na dindindin. An ɗaura aure ta hannun wakili, bayan wata biyu ango ya zo gida, amarya ta tare, suka zauna wata guda, sa'an nan ya koma a kan zai aiko mata da takardu. Har yau takardu ba su zo ba, shi ma bai sake zuwa ba, ko da ya ke bai taɓa fasa aiko da kuɗin ci da na sutura ba. Hanzarinsa shi ne albashinsa bai kai abin da hukumar can ta yanka ba. Yanzu kuma wani dillalin takardu ya ce in an ba shi wani abu zai shirya takardun albashi waɗanda za su nuna adadin da a ke so. Yarinya tana ɗakin uwarta, ƙannenta biyu sun yi aure sun haihu a gabanta. Dattijon yana tambaya: ya halatta a karɓi taimakon wannan dillali tun da manufar ita ce haɗa mata da mijinta? Lalle ne sai an sake yin auren rajista kafin ofishin jakadanci ya yarda da auren? Har yaushe Shari'a ta wajabta wa yarinya jira?

Yadda Ƙofofi Suka Ƙuntata

Kakanninmu ba su san wannan matsala da irin wannan kama ba. Mai niyyar Gabas ya kan ɗauki iyalinsa ne su bi hanya tare, su yi noma a nan su yi fatauci a can, har Allah Ya kai su. Ta haka jama'armu suka kafu a Sudan, kuma garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Kogin Nilu yana ɗauke da sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, wanda ya isa can da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Fataken goro kuwa sun yi gidaje a Gwanja da Kumasi ba tare da wani ya tambaye su takarda ba.

Zamani ya sake. A 1962 Ingila ta kafa dokar da ta fara taƙaita shigar mutanen ƙasashen da ta yi wa mulki, a tsakanin 1986 da 1987 kuma ta wajabta biza a kan mutanen Gana da Nijeriya da wasu ƙasashen Asiya. A nan yankinmu yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Amma wanda ya ƙetare teku, to, tsakaninsa da matarsa akwai ofishi, akwai fom, akwai kuɗi, akwai jira.

Abin Da Ƙasashe Ke Nema

Mu fara da Ingila, inda surukin mai wasiƙa ya ke. Ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, in yana son matarsa ta zo, sai ya nuna abin da ya ke samu a shekara ya kai wani adadi. A watan Yuli na 2012 aka yanka fam 18,600, a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Sai ya nuna yana da muhalli, kuma shi da ita sun taɓa ganin juna ido da ido, aurensu kuma na gaskiya ne. Ita kuwa sai ta ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, wadda aka wajabta tun 2010, kuma a auna ta a tabbatar ba ta da tarin fuka. Ma'aikatanmu da ke tafiya ƙaro ilmi su lura: daga Janairu na 2024 an hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga Maris na 2024 kuma aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kai iyalinsu.

A Amurka doka ta bambanta mutane. Matar ɗan ƙasa, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, da iyayensa, ba a ƙayyade yawan bizarsu a shekara ba. Matar mai takardar zama ta dindindin kuwa tana cikin rukunin da aka ƙayyade, ɗan'uwa ko 'yar'uwa kuma su kan yi jiran da ya wuce shekara goma. Mai gayyata zai sa hannu a kan alkawarin ɗaukar nauyi, ya nuna samunsa ya ɗara ma'aunin talauci na ƙasar da kashi 25 cikin ɗari. Ƙofar kuma ba kullum ta ke buɗe ba. A Janairu na 2020 Shugaba Donald Trump ya tsayar da ba 'yan Nijeriya bizar ƙaura, a Janairu na 2021 Shugaba Joe Biden ya soke wannan umurni. A Yuni na 2025 aka kafa wani sabon hani da ya haɗa da Cadi da Sudan, a Disamba na shekarar kuma aka ƙara da Nijar da Nijeriya.

A ƙasar Saudiyya, inda 'yan kasuwarmu suka fi sabawa, ma'aikaci mai igama ba ya kawo iyali su zauna sai in sana'ar da aka rubuta masa da albashinsa sun ba shi dama. Tun Yuli na 2017 aka ɗora harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum guda na iyalin baƙo, aka yi ta ƙara shi har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu ke nan zai biya riyal 2,000 kowane wata kafin ya sayi ko ƙwayar shinkafa. Wanda kuwa ya shigo da matarsa da bizar Umra ko ta ziyara, ta maƙale bayan wa'adi, ya jefa ta cikin zaman ɓoyo, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba makaranta ga 'ya'ya, ƙarshenta kuma kamu da kora.

Waɗannan ƙa'idodi suna sakewa da sakewar gwamnatoci, saboda haka mai niyya ya nemi bayanin ranar da ya ke ciki daga ofishin jakadancin da kansa, kada ya dogara da labarin tasha.

Asalin Al'amarin A Musulunci

Rabuwar iyali saboda ƙaura ta sami mafifitan wannan al'umma. Malaman tarihin Annabi sun kawo labarin Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita. Sa'ad da mijinta Abu Salama ya ɗaura niyyar hijira zuwa Madina, ya ɗora ta a kan raƙumi da ɗansu, sai danginta suka tare shi suka ƙwace ta, dangin mijin kuma suka fusata suka ƙwace yaron. Miji yana Madina, mata tana hannun danginta, ɗa yana hannun wasu. Kusan shekara guda tana fita bayan gari kowace safiya tana kuka har yamma, kafin wani daga danginta ya ji tausayinta ya yi magana aka sake ta, aka mayar mata da ɗanta. Ta kama hanya ita kaɗai, sai Usmanu ɗan Ɗalha ya gamu da ita a Tan'im, alhali bai musulunta ba tukuna, ya ja mata akalar raƙumi cikin mutunci har ƙauyen Ƙuba, ya nuna mata inda mijinta ya ke, ya juya.

Shi kansa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar iyalinsa a Makka ranar hijira. Amma da ya sami matsuguni bai yi jinkiri ba, ya aiki Zaidu ɗan Harisa da Abu Rafi'u da raƙuma da guzuri, suka zo masa da matarsa Sauda da 'ya'yansa Faɗima da Ummu Kulsum. Abin koyi a nan shi ne rabuwa lalura ce, haɗuwa ita ce asali, kuma namiji shi a ke bi bashin ƙoƙarin haɗawar.

Sa'an nan mu san mene ne biza a ma'aunin fiƙihu. Ita aminci ce da ƙasa ta ke bayarwa bisa sharuɗɗa, mai karɓa kuwa ya sa hannu cewa abin da ya faɗa gaskiya ne. Watau alkawari ce, farkon Suratul Ma'ida kuwa umurni ne ga muminai su cika alkawura. Kada wani ya ce ai waɗanda aka yi wa alkawarin ba Musulmi ba ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun kama Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka zo suka ba shi labari, ga yaƙin Badar ya gabato, ga Musulmi 'yan kaɗan, sai ya umurce su su koma su cika alkawarinsu. In an cika wa maƙiyi alkawari a ranar Badar, ina hujjar mai yi wa ma'aikacin ofishi ƙarya don ya shiga ƙasarsu ya ci abinci? Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Ƙarya Iri Huɗu

Ta farko ita ce wadda aka kawo wa mai wasiƙa, watau takardar jabu, ko ta albashi, ko ta banki, ko rantsuwar shekaru a kan abin da mutum ya san ba haka ba ne. Wannan shaidar zur ce, wadda Annabi ya lissafta cikin manyan zunubai. Kyawon manufa ba ya halatta ta, domin akwai wasu hanyoyi, kuma ba rai ne ke cikin haɗari ba. Ko ta fuskar duniya ma hasara ce. Ofisoshin nan suna bincikar ma'aikata da bankuna, kuma a Ingila wanda aka kama da yaudara a kan hana shi biza har shekara goma. Dillali ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi, sunan yarinya ne zai ɓaci, jiran shekara uku ya zama na goma sha uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ta biyu ita ce auren takarda, inda mutum zai biya wata 'yar ƙasa kuɗi su rubuta aure, ba zama ba niyyar zama, sai ya sami izini su rabu. Aure alkawari ne mai kauri kamar yadda Suratun Nisa'i ta siffanta shi, kuma auren da aka yanka wa wa'adi malaman Sunna sun haɗu a kan ɓacinsa. A Amurka dokar 1986 ta sa wanda aurensa bai kai shekara biyu ba a ba shi izini na gwaji na shekara biyu, ta kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai dala 250,000 ga mai auren yaudara.

Ta uku tana biye da ta biyu, kuma ta fi ta haɗari. Mutum yana da mata a gida, sai ya je gaban alƙali ko ya rubuta cewa ya sake ta, wai a takarda kawai, don hanya ta buɗe masa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa aure da saki da kome, wasa a cikinsu daidai ya ke da gaske. A mazhabarmu ta Malikiyya sakin mai wasa yana aukuwa, wanda kuma ya yi iƙirarin saki a gaban alƙali a kan kama shi da furucinsa. Mutum nawa ne ke zaune yau da matar da igiyarta ta tsinke da hannunsa, shi bai sani ba?

Haka nan mai mata fiye da ɗaya. Tun 1891 dokar Amurka ta hana shigar mai nufin zama da mata fiye da ɗaya, dokar Ingila ta 1988 kuma ta rufe ƙofa ga mata ta biyu muddin ta farko ta riga ta shiga a matsayin mata kuma aurenta yana nan. Sai ka ji an ce a rubuta amarya a matsayin ƙanwa ko 'yar aiki. Wannan ƙarya ce, kuma tozarta matar ce, domin ranar da mijin ya mutu a can ba ta da wata shaida. Mai mata biyu ya yi lissafi tun kafin ya tashi. Annabi ya kan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, amma ƙaura ta shekaru ta wuce tafiya, kuma wadda aka bari hakkinta na kwana da kulawa bai faɗi ba, sai in ita ta yafe da yardarta kamar yadda Sauda ta bar wa A'isha kwananta.

Ta huɗu ita ce jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Riƙon ɗan wa ko ɗan ƙane al'ada ce mai kyau a wurinmu, kuma akwai lada a cikinta. Amma rubuta shi a fom cewa ɗan cikinka ne, Suratul Ahzabi ta hana, ta yi umurni a kira kowa da sunan ubansa, har aka daina kiran Zaidu ɗan Muhammadu aka koma kiransa ɗan Harisa. Irin wannan rubutu yana rikita gado da muharramaka. Kuma ba ya ɓoyuwa, domin ofisoshin jakadanci su kan nemi gwajin ƙwayoyin halitta in sun yi shakka. Farkon amfani da wannan gwaji ma a kan shari'ar shige da fice aka yi shi, a Ingila a 1985, inda masanin nan Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta ya tabbatar cewa wani yaro ɗan asalin Gana ɗan uwarsa ne, aka bar shi ya zauna da ita. Sai dai mu ja kunne: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2002 cewa ba a amfani da wannan gwaji don kore nasabar da ta tabbata a Shari'a. Ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma sakamakon wani ofishi ba ya mayar da mace abin zargi a bakin dangi.

Wakilci Da Auren Rajista

Ɗaurin aure ta hannun wakili ingantacce ne a Shari'a, da waliyyi da sadaki da shaidu. Amma iyaye su san cewa dokar Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura alhali ɗayan ma'auratan ba ya nan, sai in sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Ingila kuwa tana karɓar auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, da sharaɗin ma'auratan sun taɓa haɗuwa. 'Yar mai wasiƙa ta cika wannan, tun da mijin ya zo ta tare.

Game da auren rajista, mutane da yawa suna rugawa su yi shi ba su san abin da suka sa wa hannu ba. Auren Musulunci aure ne da dokar Nijeriya ta sani, abin da a ke bukata shi ne takardar shaida ingantacciya daga hukumar da ke da ikon bayarwa, da fassararta in ba da Turanci aka rubuta ba. Auren rajista kuwa yana ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, wadda ta ginu a kan mace ɗaya. Wanda ya yi shi alhali yana da wata matar, ko ya ƙara aure bayansa, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara biyar. Ba ya warwarewa da furucin saki, sai a Babbar Kotu bisa dokar 1970, kuma yana iya shafar rabon gado. Saboda haka kada a shige shi a kan maganar dillali, sai an zauna da lauya da malami an fahimci abin da zai biyo baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi rajistar haihuwar 'ya'ya da wuri, a rubuta aure ranar da aka ɗaura shi, a daidaita rubutun suna a fasfo da takardun makaranta da na aure. Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, sunan gari a ta uku, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai gaskiya.

Har Yaushe Za Ta Jira?

Nan ne zuciyar wasiƙar. Mutane suna zaton muddin miji yana aiko da kuɗi, mace ba ta da ta cewa. Ba haka ba ne. Allah Ya yanka wa mai rantsuwar ƙaurace wa matarsa wata huɗu a Suratul Baƙara, ko ya koma ko ya saka. Sayyidina Umar kuwa, da ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da dare, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, sa'an nan ya yi umurni kada a riƙe mayaƙi nesa da iyalinsa fiye da wata huɗu, a wata ruwaya wata shida. In mai jihadi ba a bar shi ya wuce haka ba, mai neman fam da dala fa?

Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin wanda ya ɓace da wanda aka san inda ya ke. Wanda ya ɓace ba labari, alƙali ya kan yanka wa matarsa shekara huɗu bayan bincike, sa'an nan ta yi takaba. Wanda aka san inda ya ke kuwa, in rashinsa ya yi tsawo, shekara guda ko fiye a zance mafi rinjaye, matar kuma ta cutu har tana tsoron fitina ga kanta, tana da ikon kai ƙara ko da yana ciyar da ita. Alƙali zai rubuta masa ya zaɓi ɗayan uku: ya zo, ko ya ɗauke ta zuwa inda ya ke, ko ya sawwaƙe mata. Zai ba shi wa'adi gwargwadon hali, in ya ƙi duka, alƙali ya sake ta a kansa. Wannan hakki nata ne. In ta zaɓi haƙuri tana da lada, amma uba ba shi da ikon tilasta mata haƙuri don kunyar amininsa, kuma ba shi da ikon raba ta da mijin da ta ke so don maganar mutane.

Amsa Ga Mai Wasiƙa

Alhaji, ka sallami wannan dillali, kada ka ba shi ko kwabo. Ka kira 'yarka, ko ka sa uwarta ko gwaggonta ta zauna da ita, a ji abin da ke ranta, domin kunya tana hana 'ya'yanmu mata faɗin abin da ke cinsu.

Sa'an nan ka sami amininka ku yi magana ta manya, ku sa yaron ya faɗi albashinsa da gaskiya. Akwai hanyar halal wadda mutane da yawa ba su sani ba. A tsarin Ingila ajiyar kuɗi tana cike giɓin albashi. A kan ɗauki abin da ya rage, a ninka shi sau biyu da rabi, a ƙara fam 16,000. Misali, a ma'aunin 2024, mai samun fam 25,000 saura masa 4,000, ajiyar da a ke nema gare shi fam 26,000 ke nan. An yarda kuɗin ya zama kyauta daga iyaye ko dangi, muddin kyauta ce ta gaskiya wadda ba za a karɓe ba, kuma ya yi wata shida a hannun mijin ko matar. Kuɗi ne mai yawa, amma in gidaje biyu na 'yan kasuwa suka haɗa ƙarfi da abin da yaron ya tara, ba abin da ya gagara ba ne. In kuwa rance ne aka kira shi kyauta, an koma gidan jiya.

Kafin wannan ya tabbata, lalle ne ya riƙa zuwa gida. Mai izinin zama na dindindin a Ingila ba ya rasa shi sai ya yi shekara biyu a jere a waje, saboda haka ba abin da ya hana shi zuwa hutu sai tsoron kuɗin jirgi, hakkin matarsa kuwa ya fi kuɗin jirgi. Ku yanka masa lokaci sananne a gaban shaidu. In ya cika, alhamdu lillahi. In ya kasa, ya dawo gida ya zauna da iyalinsa, ko ya rabu da ita da kyautatawa. In ya ƙi duka, ƙofar alƙali a buɗe ta ke, kuma ba abin kunya ba ne.

Ga sauran iyaye, kafin ku ba da 'ya ga mazaunin waje ku tambaye shi wace irin takarda ya ke zaune da ita, ko tana ba shi ikon kai mata, kuma cikin wane lokaci. Wanda ba shi da izinin zama shi kansa, ba shi da inda zai kai 'yar wani, kuma ba ya iya zuwa gida ya koma. Ya halatta a yi wannan bincike, kuma ɓoye gaskiya a nan algus ne.

Ga mazan da Allah Ya cika wa buri matansu suka iso, ku ji tsoron Allah. Ta bar uwa da uba, ba ta san hanya ba, ba ta iya harshe ba, izinin zamanta kuma yana rataye da naka. Riƙe mata fasfo, ko yi mata barazanar mayar da ita gida duk sa'ad da aka saɓa, zalunci ne. Dokokin Ingila da Amurka ma sun ba matar da mijinta ke cuta hanyar neman izinin zama ba tare da shi ba. Wanda bai musulunta ba ya ja wa Ummu Salama akala har Ƙuba bai ci amanarta ba, Musulmi ya fi cancanta ya riƙe amanar matarsa ta sunna.

Allah Ya haɗa kowane mai jira da nasa cikin alheri, Ya tsare mu daga cin haram da shaidar zur, Ya ba shugabanninmu ikon gyara ƙasa yadda 'ya'yanmu za su sami abin rufin asiri a gida. Allah Shi ne Masani.